Rahoton Tudun Bappayo

Shekara ashirin da biyu Lukmanu ya yi a sashen kula da ƙasar noma na wata ma'aikatar tarayya, amma in za a faɗi gaskiya, rabon da ƙasa ta shiga farcensa tun yana ɗalibi a Zariya. Ƙasar da ya sani yanzu ta cikin fayil ce: a kawo masa, ya sa hannu, ya tura gaba. Ba malalaci ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne mai son tsari, irin wanda ko taron suna ya je sai ya ji kamar ya kamata a ce wani ya rubuta abin da aka tattauna.

Wata rana 'yarsa Kauthar, wadda ke aji biyar na firamare, ta dawo da wasiƙa daga malamarsu, Malama Nafeesa. Za su fara darasin ƙasa da zaizayarta, ana neman mahaifin da ya san fannin ya zo ya yi wa yara bayani. Kauthar ta riga ta ɗaga hannu a aji ta ce Abbanta ne ogan ƙasa na Najeriya baki ɗaya. Lukmanu ya yi dariya har da riƙe ciki, amma a ransa abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya aika wa malamar cewa zai zo, da sharaɗi ɗaya: ba a cikin aji za a yi ba, waje za a fita.

Bayan rukunin gidajen da suke zaune, can wajen Karu, akwai wani tudu mai duwatsu da bai riga ya faɗa hannun magina ba. A gefensa wani kwazazzabo ya tsage, tsayinsa ya shanye mutum. A samansa kuma rugar wani dattijo ce, Bappayo, wanda ya fi shekara talatin a wurin da shanunsa, tun ba a yi mafarkin gina gidajen ba. Lukmanu yana hango bukkokin kullum ta tagar mota, bai taɓa takawa ba.

Ran wata Alhamis a farkon damina suka hau, yara ashirin da uku a jere, Malama Nafeesa a baya tana ƙirga kawuna, Lukmanu a gaba da sabon takalmin roba da shebur ɗin da ya saya jiya. Ya haƙa rami a gefen kwazazzabon, da ƙyar, yana haki, ya nuna musu yadda ƙasa take hawa-hawa: baƙa a sama, ja a ƙarƙashinta, sai marmara da tsakuwa. Ya fara da kyau. Daga nan tsohon karatu ya motsa, ya shiga zuba musu manyan kalmomin jami'a kamar yana gaban darakta. Kafin minti goma wasu yaran sun koma jifan ƙadangare, wata kuma ta tambaya yaushe za a ci abinci.

Ana cikin haka wani dogon tsoho ya sauko daga tudun, sanda a kafaɗa, ya yi sallama. Shi ne Bappayo. Ya tsaya yana kallon ramin, sannan ya dubi Lukmanu.

"Malam, sannu da aiki. Kabari ne ko rijiya?"

Yara suka kwashe da dariya. Lukmanu ya share gumi, ya yi masa bayanin abin da ya kawo su.

"To ai nan wurin matacce ne," in ji Bappayo. "In ƙasa mai rai kuke nema, ku zo in nuna muku."

Ya kai su wani fili kusa da bukkokin, inda ciyawa ta yi kore shar. Ya ce bara nan ne makwancin shanunsa. Ba ya barin su kwana wuri ɗaya fiye da sati uku. Duk inda ya ga tudun ya yi sanƙo, nan yake matsar da shingen ƙaya, su kwana, su zuba kashi da fitsari, su tattake, sai ya matsa gaba. Ya sa gindin sandarsa ya ture wani busasshen kashin shanu. A ƙarƙashi ga buzuzu yana ta fama da ƙwallonsa, ga tana tana nutsewa, ga gara. Yaran da ɗazu suke hamma suka durƙusa, kai da kai, ba wanda ya tuna da farar safarsa.

"Waɗannan su ne ma'aikatan," ya ce. "Dutse yana farfashewa a hankali, rana ta gasa shi, ruwa ya jiƙa shi. Amma garin dutse kaɗai ba ya ciyar da kowa. Sai waɗannan sun cuɗa shi da kashi da ganye. Ku shinshina."

Suka shinshina. Kauthar ta ce ƙamshin ruwan farko take ji. Bappayo ya ce ta fi babanta hanci.

Daga nan ya sa matarsa Uwani ta kawo ruwa a ƙwarya biyu. Ya zuba ɗaya a kan ciyawar, ruwan ya nutse shiru. Ya zuba ɗayar a kan jar ƙasar da ba komai a kanta, ruwan ya gangara ja wur, yana jan ƙasa. Wani yaro ya ce, "Ya sace ƙasar." Lukmanu ya tsaya da shebur a hannu, yana jin wata irin kunya mai haɗe da sha'awa. Abin da ya kasa faɗa a minti ashirin, tsohon ya gama shi da ƙwarya biyu.

Malama Nafeesa ce ta yi tambayar da ke cikin littafin yara.

"Baffa, a littafi an ce kiwo yana kawo zaizaya. Ko shanu ne suka haƙa wannan kwazazzabon?"

Bappayo bai ji haushi ba. Ya ce in shanu suka yi yawa a wuri ɗaya, suna bin turba ɗaya, lallai suna kashe ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma su biyo shi. Suka bi bakin kwazazzabon zuwa sama. A hanya ya nuna musu layin ciyawar jema da Uwani ta dasa a gefen, wai don saƙar faifai, amma saiwarta ce ta riƙe gaɓar. Ya nuna musu duwatsu da rassan ƙaya da yake jerawa a cikin ramin kowace rani don su tare ƙasa. Shanunsa ba sa zuwa kusa da bakin, ya ce, ko ɗan maraƙi ya san dokar. Can suka iso inda kwazazzabon ya faro: gindin katangar rukunin gidajen, daidai bakin wani ƙaton kwalbati.

"Shekara bakwai da suka wuce, nan hanyar ƙafa ce," in ji Bappayo. "Da aka shafe cikin gidajen nan da siminti, ruwan bai da inda zai shiga. Duk ya taru ya fito ta nan kamar bakin bindiga. Ni dai ina ta toshewa, shi kuma yana ta ci."

Lukmanu ya tsaya yana kallon wurin. Ya san kwalbatin nan sarai. Shekara bakwai da suka wuce shi ne sakataren kwamitin mazauna da ya amince a haɗa dukkan magudanan unguwar a fitar da su ta baya, don ruwa ya daina kwanciya a ƙofar gidajensu. Da hannunsa ya rubuta takardar. Ya gyara murya, ya ce wa yara lokaci ya ƙure, a koma makaranta.

Duk da haka ya koma gida ransa fari. Kauthar ta yini tana ba uwarta labarin buzuzu. Da abin ya tsaya nan, da sai a ce an yi ranar kirki an gama.

Amma ma'aikacin gwamnati na gaske ba ya yarda an yi abu sai an rubuta shi. Ran Litinin Lukmanu ya zauna a ofis ya tsara rahoto mai shafi huɗu, da hotuna, da kanun magana, duk da ba wanda ya nema. Ya yaba wa makaranta, ya yaba wa yara. Ya zo kan musabbabin zaizayar, ya rubuta layi biyu a kan kwalbatin, ya zauna yana kallonsu. Sai ya ce a ransa ai wannan rahoton makaranta ne, ba wurin tone-tone ba, kuma maƙwabta za su ga kamar ya tona musu asiri. Ya goge.

Saura shawarwari, don rahoton da ba shawarwari a wurinsu kamar miya ce ba gishiri. Ta ɗaya, a ci gaba da fitar da yara. Ta biyu, a dasa itatuwa. Biyu sun yi kaɗan a ido, sai ya buɗe wani tsohon rahoton ma'aikata ya ɗauko layin da ba a taɓa rubuta rahoton zaizaya babu shi ba: a hana kiwon dabbobi a yankin da abin ya shafa. Bai ma tuna da fuskar Bappayo ba lokacin da yake liƙa shi. Ya sa hannu, ya rubuta cikakken muƙaminsa a ƙasa. Sannan, bisa al'ada, ya jera waɗanda za a ba kwafi: shugabar makaranta, ƙungiyar iyaye, da shugaban mazauna unguwa, Alhaji Uthman.

Alhaji Uthman kuwa ya daɗe yana neman hanyar da zai raba tudun da rugar. Ya yi ƙorafin ƙudaje, ya yi na tsaro, ba wanda ya kula shi. Yanzu ga takarda ta faɗo masa daga sama, da sa hannun ƙwararre. Ya liƙa ta a bayan takardar kokensa ya kai inda ya san za a saurare shi. Bayan sati shida wasu jami'ai suka hau tudun da mota, suka miƙa wa Bappayo takarda: kwana goma sha huɗu ya kwashe shanunsa.

A bakin masallaci Lukmanu ya ji labarin, bayan la'asar, daga bakin Alhajin da kansa.

"Oga Lukman, Allah ya saka. Report ɗin nan naka shi ya yi mana aikin. Two weeks aka ba su."

"Wane aiki, Alhaji? Su wa?"

"Mutanen kan tudu mana. Ai kai ka ce a hana grazing."

Lukmanu ya kamo hannun Alhajin. Ya ja shi gefe, ya ce an yi kuskure, ba shanun ba ne, ruwan kwalbatinsu ne ke cin wurin, tsohon ma shi ke tare ɓarnar.

Alhaji Uthman ya dube shi ta saman tabarau. "To me ya sa ba ka rubuta haka ba? No problem, ka sake rubutawa. Amma ka tuna, in aka ce drainage ɗinmu ne, mu za a ce mu fasa mu sake, kuma za a tambayi wanda ya yi signing tun farko. Ni dai ba ni ne sakatare ba a lokacin." Ya dafa kafaɗarsa cikin fara'a ya wuce.

Washegari Lukmanu ya rubuta takardar gyara. Ya rubuta ta da kyau, har da kwalbatin, har da jemar Uwani. Ya karanta, ya ga ta yi zafi, ya sassauta. Ya sake karantawa, ya ga ya kamata ya fara shawartar wani abokinsa lauya. Lauyan ya yi tafiya. Ya sa takardar a aljihun tebur, ya ce gobe. A ofis an saba, takarda tana iya kwana wata uku a aljihun tebur ba abin da ya faru, shi ya sa zuciyarsa ta riƙa raya masa cewa wannan ma za ta jira. Ya manta cewa wanda aka ba kwana goma sha huɗu da yatsu yake ƙirga su. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, kuma ya san tsoro ne, ko da yake kullum yana sa masa sunan bin ƙa'ida.

A rana ta goma sha uku Kauthar ta dawo da wani babban kwali a naɗe. 'Yan ajinsu ne suka zana tudun, da shanu, da buzuzu wanda ya fi shanun girma, kowa ya rubuta sunansa. Malama ta ce ita za ta kai wa Baffa, tunda su ne kusa. Ba ta san komai ba. Lukmanu ya nemi uzuri ya rasa, ya sa takalmi suka hau.

Sun tarar an rushe bukka biyu. Uwani tana ɗaure ƙore a cikin raga, an ɗora tabarmi da tukwane a kan wani bijimi. Shingen ƙayar an ja shi gefe. Kauthar ta tsaya cak, ta dubi ubanta.

"Maraba da Malam, maraba da mai hanci," in ji Bappayo, yana shimfiɗa musu buzu. Ya karɓi zanen da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, ya yi dariyar buzuzun. Ya ce gobe da asuba za su kama hanya, su bi ta bayan Mararaba su nausa cikin Nasarawa, akwai wani ɗan'uwansa can, in an yarda su sauka.

"Baffa, me ya sa za ku tafi?" Kauthar ta tambaya.

"An ce mu tafi, 'yata." Ya sa hannu a aljihu ya fito da takardu a ninke cikin leda. "Malam, Allah ne ya kawo ka. Ta saman an karanta mini, na ji kwanakin. Amma akwai wata a liƙe a baya, sun ce wani masani ne ya rubuta, a kanta aka yanke hukuncin. Kai ka yi boko, kuma ka san wurin nan. Karanta mini in ji laifina kafin in tafi."

Lukmanu ya karɓa. Shafi na ƙarshe ne kawai aka liƙa, hoton kwafi, ya ɗan dushe. Kauthar ta matso ta jingina da hannunsa, kamar yadda take yi in yana duba mata aikin gida. Ya fassara shawara ta ɗaya. Ya fassara ta biyu. Ya fassara ta uku.

Bappayo ya gyaɗa kai. "Shi ke nan? Bai ambaci ruwan katanga ba?"

"Bai ambata ba."

"Waye shi?"

Sunan yana nan a ƙasa, ɓaro-ɓaro, da muƙami da sa hannu. Lukmanu ya ji yatsun Kauthar sun ƙanƙame hannun rigarsa. Ita ma ta iya karatu. Ya buɗe baki, kuma Allah ya sani ya yi niyyar faɗa.

"Wani ne a ma'aikata, Baffa," ya ce. "Sunan bai fito sosai ba."

"To ba komai." Bappayo ya karɓi takardar ya mayar cikin leda. "Da na ƙullace shi, kwana goma sha uku ina ƙullace da shi. Amma yanzu da na ji, na gane bai taɓa zuwa nan ba. Yana zaune a ofis aka gaya masa. Da ya tako kamar yadda ka tako, ya gani da idonsa, ba zai rubuta haka ba. Mutum ba ya ɗaukar alhakin abin da bai gani ba. Na yafe masa."

Uwani ta kawo man shanu a ɗan kwano ta miƙa wa Kauthar. Bappayo ya rako su har bakin gangare. Ya ce a shekara talatin da ya yi a nan, Lukmanu ne mutum na farko daga cikin katangar da ya hau ya zauna a buzunsa, kuma ba zai manta ba. Ya roƙe shi abu ɗaya: in ya samu hali ya sa a riƙa zuba duwatsu a ramin kafin ruwan Agusta, don in aka bari shekara biyu, katangar ma ba za ta tsira ba.

Suka sauko. Kauthar tana gaba da kwanon a hannu biyu, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Lukmanu ya so ta tambaye shi, ya so ta yi kuka, ko ta kira shi maƙaryaci, don ya samu abin da zai amsa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Da suka shiga gida ta ajiye kwanon a kicin ta shige ɗaki.

Da safe ya fito da gyaran daga aljihun tebur, ya mayar da duk abin da ya sassauta, ya sa hannu, ya kai da kansa. Aka buga masa hatimin karɓa, aka ce za a duba. A lokacin shanun Bappayo sun riga sun wuce Mararaba. Ya yi nadamar da bai taɓa yin irinta ba, kuma ya san ba ta da amfani ga kowa sai shi.

Bayan hutu ya haɗu da Malama Nafeesa a ƙofar makaranta, ya zo ɗaukar Kauthar. Suka gaisa.

"Yallaɓai, mun so ka sake fitar mana da yara wannan zangon," ta ce. "Har yanzu zancen ranar nan suke yi. Amma mun fahimta, aiki ya yi yawa."

"Ai ba a gaya mini ba, Malama."

Ta ɗan yi turus. "Na ba Kauthar wasiƙa tun satin farko. Washegari ta dawo mini da ita a rufe. Ta ce in nemi baban wani."